Zomon Hajjo da Gumbar Cika-ciki

Mode ne ya kawo shi gidan, a cikin hularsa.

A tsakiyar damina ne, gero ya kai gwiwa. Da sassafe karnukan wasu makiyaya suka kashe wata zomanya a gefen gonarsa ta wajen Gawon Nama. Da hantsi yana noma sai hauyarsa ta yaye wata ciyawa, ya ga ɗan abu ya lafe da ƙasa, ko ƙwan agwagwa ya fi shi girma. Ya dube shi, ya dubi sama inda shirwa ke shawagi, sai ya cire hula ya saka shi ciki. Da ya tashi daga aiki bai nufi gidansa ba, ya shigo birni ta Ƙofar Marke, ya yi sallama a gidan Hajjo.

Hajjo taubashiyarsa ce, uwarsa da ubanta ciki ɗaya suka fito. Tun suna yara, zamanin da ake ɗora ganuwar Sakkwato suna ɗebo wa magina ruwa, ba a taɓa jin maganar kirki ta shiga tsakaninsu ba, amma kuma ba sa iya kwana biyu ɗaya bai nemi ɗaya ba. Yanzu duk sun tsufa. Mijin Hajjo ya rasu, ɗanta Tukur yana zaman ribaɗi, tsaron iyaka, can wajen Wurno, sai ita da Sadiyatu matar ɗan nata a gidan. Aikin Hajjo kaɗi, tun safe har rana ta karkata, kuma ba ta cika magana ba sai in Mode ya zo.

"Ke tsohuwa, taso ki amshi namanki," in ji Mode, yana miƙa mata hular. "Ki kiwata min shi. Rad da yac cika tukunya in zo da wuƙata."

Hajjo ta aje mazari ta leƙa.

"Kwaɗayayyen banza. Wanga abu ko kyanwa ta gan shi sai ta ba shi sadaka. Kuma cikin wagga hula taka mai wari kas saka shi? Da ka bar ma shirwa, ta hi ka tausai."

"To maido min abuna."

"Ka ga na amsa? Aje shi nan ka tahi."

Ya aje ya tafi, da kai ba hula, domin ta hana shi ita.

Ranar farko ɗan zomon ya ƙi kome. Ta zuba masa madarar akuya a ɗan ƙoƙo, ya juya kai. Ta tsoma yatsa ta shafa masa a baki, ya runtse. Sai da rana ta yi ja ta murza ɗan silin auduga, ta tsoma a madara mai ɗumi, ta naɗe shi a gefen zanenta ta rufe masa ido, kana ya kama audugar ya tsotsa. Daga nan ta gane halinsa. Ba ya son a dube shi yana ci, ba ya son rana tsaka, abincinsa sai da sanyin safe da na yamma. Ta sa masa suna Ɗangero, tunda a gindin gero aka same shi.

Da haƙoransa suka yi ƙwari ta fara ba shi ciyawa. Hajjo da ta yi shekaru ba ta leƙa bayan ganuwa ba, sai ga ta kullum bayan sallar asuba da ɗan kwandonta, tana tsintar harƙiya da ganyen wake a bakin gonaki. Masu tsaron ƙofa har sun saba, su ce, "Inna, za a yi ma mai gida cefane?" ta ce, "To ya zan yi, shi ka mulki." Ta lura in ta ba shi ciyawa da raɓa a jikinta cikinsa yakan ɓaci, saboda haka takan baza ta a kan faifai ta sha iska tukuna. Ta kwantar masa da wata tsohuwar randa mai tsagewa a inuwar rumbu, ta zuba yashi ciki, nan ne ɗakinsa. Ruwansa a kaskon da kaji ba sa sha. Dusa kuwa ɗan kaɗan, abin da yatsu uku za su ɗauka.

Ba a rasa ɓarna ba. Ya ci gefen tabarmar Sadiyatu, ya huda mata faifai biyu, ya gwaigwaye ƙafar kujera.

"Inna, wanga baƙo naki zai cinye gidanga da mu ciki," in ji Sadiyatu.

"Haƙora na nai ka ƙaiƙayi. Samo mai reshen sabara shi gurgura."

Aka samo masa, tabarma ta huta. Kafin gero ya nuna Ɗangero ya zama zomo sosai, kunnuwa zaƙo-zaƙo, ƙafafun baya kamar na ɗan akuya. In Hajjo na kaɗi sai ya zo ya kwanta a jikin ƙafarta, ido buɗe, alhali barci yake. Ita kuma ta riƙa ba shi labari a hankali, na mutanen da suka mutu tun kafin a haifi Sadiyatu. Wani lokaci Sadiyatu na daka sai ta sassauta taɓarya don ta ji, domin ita ba a taɓa ba ta waɗannan labaran ba.

Mode kuwa duk zuwan da zai yi, kafin ya gaida kowa sai ya durƙusa bakin randa.

"Ina kwanan miyata? Ana ƙiba ko?"

Wata rana ya ɗaga shi ta kunnuwa wai zai auna nauyinsa. Hajjo ta ɗirka masa mazari a gwiwar hannu.

"Kai aka ɗauka ta kunne? Tallabe shi ta ƙirji ko ka aje min abuna!"

A wannan shekara watan cika-ciki ya kama da kaka, abinci ya wadata. Kowane gida an aje jelar ragon layya tun watan jiya don wannan rana, kuma kowa ya san abin da tsofaffi ke faɗi, wai wanda bai ƙoshi ba a daren cika-ciki da yunwa zai ƙare shekara. Sadiyatu ta tuƙa tuwon gero, ta yi miyar kuka da jelar, ta dafa wake, ta kirɓa gumba da zuma. Bayan magariba Mode ya zo, aka shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida, ya ci har ya kwance ɗamara.

Yana sakace sai ya hango Ɗangero a bakin randa yana tauna ɗan ganyen wake.

"La ilaha! Kowa ya cika ciki gidanga, har kaji sun samu tsaki, sai maraya anka bari da ciyawa. Haba Hajjo. Shekara guda zai yi shina hamma, kuma alhakinai na kanki."

"Malamai sun ce babu wagga magana cikin littahi."

"To don mi kinka ci akushi biyu?"

Sadiyatu ta rufe baki da gefen zane ta shige ɗaki. Hajjo ta jefe shi da ludayi, ya kauce, ya ɗauki sandarsa ya fita yana dariya.

Wasa ne, ita ma ta san wasa ne. Amma da ta zo kwashe kwanuka maganar ta ƙi barinta. Ta tuna ɗanta can a ribaɗi, ko wa ya tuƙa masa, ko ya ƙoshi. Shi dai hannunta ba ya kaiwa gare shi. Ta dubi zomon, ta dubi ƙwaryar gumba. Ta gutsuro kaɗan ta miƙa masa.

Ɗangero ya sunsuna, ya lasa, sai ya kama ci kamar an aiko shi. Bai taɓa ɗanɗana zuma ba. Ta ƙara masa, ya cinye. Ta ɗebo dafaffen wake ta zuba, ta kawo jiƙaƙƙen geron da aka rage na fura ta haɗa masa.

"Inna, bai saba ba hwa," in ji Sadiyatu daga bakin ƙofa.

"Yau ɗai ta. Bari shi ci rabonai, shi ma ɗan gida na."

Da gari ya waye Ɗangero bai fito ba. Kullum motsin butarta ke fito da shi, ya zo ya tsaya da ƙafafun baya yana jiran kwando. Hajjo ta durƙusa ta leƙa randa. Yana can ciki ya dunƙule, ido a lumshe, yana cizon haƙora a hankali. Ta jawo shi. Kunnuwan sun yi sanyi, cikin ya kumbura ya yi tauri kamar fatar ganga. Ta dubi yashin. Kowace safiya sai ta share kashinsa, ƙanana kamar 'ya'yan kanya busassu, ta zuba a gindin kubewarta. Yau ko ɗaya babu.

Ta miƙa masa harƙiya, bai ko sunsuna ba.

Sadiyatu ta zo ta tsaya a kanta, ta dubi zomon. Sannan ta ce, "Inna, ko a kira Baba Mode shi yanka tun da sauran rai? Kin tuna akuyar bara."

Hajjo ta tuna. Sun yi ta jira ko akuyar za ta tashi, har ta mutu mushe, aka ja ta bayan ganuwa aka bar wa ungulaye. Unguwa ta yi mako tana zancen, wai wane irin gida ne za a bar halal ta lalace don rashin sa wuƙa. A garin nan dabba in ta kwanta ba a jiran mutuwarta, kowa da haka ya tashi.

"Sai la'asar," in ji Hajjo. "In la'asar ta yi bai sake ba, a yi."

Ta ɗauke shi ta zauna a inuwar rumbu, ta ɗora shi a cinya. Ta sa Sadiyatu ta ɗumama ruwa ta jefa 'yar ƙwayar kanwa, ta riƙa ɗiga masa a gefen baki. Ta sa yatsu biyu tana murza cikin a hankali, daga ƙirji zuwa ƙasa, yadda ungozoma ke yi wa jariri. Ta aje busasshiyar harawa a gabansa ko zai yi sha'awa. Mazari na can inda ta bar shi jiya.

Da hantsi sai ga Mode. Ranar ce ta wasan taubasai, ya shigo da ƙoƙon ruwa a ɓoye a bayansa don ya watsa mata, ga azumin Ashura a bakinsa amma bakin bai mutu ba.

"Ina kwanan miya..."

Bai ƙarasa ba. Ya dubi zomon, ya dubi fuskar Hajjo, ya aje ƙoƙon a ƙasa.

"Mi as same shi?"

"Cika ciki yay yi," in ji Sadiyatu.

Mode ya nemi turmi ya kifa ya zauna. Hajjo ba ta ce maganarsa ce ta jawo ba, shi ma bai ce ba. Ya zauna nan yana jujjuya hula a hannu. Can ya ce ko a gwada ba shi sabara. Can kuma ya ce wani Bagobiri ya taɓa gaya masa maganin kumburi, amma na jaki ne. Ya je masallaci ya yi azahar ya dawo ya sake zama a kan turmin. Tunda Sadiyatu ta zo gidan ba ta taɓa ganin tsofaffin nan biyu sun zauna wuri ɗaya shiru ba, abin har ya fi ciwon zomon ba ta tsoro.

Inuwar rumbu ta miƙe ta kai bakin rijiya. Ladan ya kira la'asar. Suka yi salla, Hajjo ta dawo ta taɓa cikin. Ta ji kamar ya ɗan saki, ta ji kuma kamar zuciyarta ce ke gaya mata abin da take so. Zomon yana ta cizon haƙora, numfashinsa sama-sama. Ba zancen nama ne ya dame ta ba, ba kuma bakin unguwa ba. Wahalar ce ta ga ta isa.

Ta tashi ta miƙa wa Mode shi da hannu biyu.

"Amshi. Ka daɗe kana jira."

Mode ya karɓa, ya tallabe shi ta ƙirji. Ya zaro wuƙa daga kube ya gwada ta a farce.

"Wagga wuƙa ba ta da kaihi. Sadiyatu, ina dutsin washi?"

Aka kawo. Ya miƙa wa Sadiyatu zomon, ya wasa wuƙa, ya wasa, ya gwada, ya sake wasawa. Ya ce a kawo ruwa a ba dabba ta sha, haka sunna ta ce. Aka kawo, zomo ya ƙi sha. Ya ce a ba shi hauya ya tona ramin jini. Ya tona, ya ce ya yi kusa da rijiya, ya cike ya tona wani.

"To ina gabas gidanga?"

Hajjo da ta juya baya tana fuskantar bango ta ce, "Tun ba ka da gemu kaka salla gidanga, yau kab ɓace ma gabas? Yi abin da za ka yi, Mode, kada ka wahal da ni."

Ya karɓi zomon ya durƙusa, ya kwantar da shi a bakin ramin. Daga baya Sadiyatu ta rantse ta ga hannunsa ya buɗe da kansa. Mode ya ce ƙarya take, ƙarfin zomo ne mutane ba su sani ba. Abin da kowa ya yarda da shi dai, Ɗangero na jin sanyin ƙasa da ƙarfe kusa da wuyansa ya tattara ƙafafun baya ya sakar wa Mode su a ƙirji, ya yi tsalle ya dira bayan turmi.

"Ya kuɓce!" in ji Sadiyatu.

Mode ya yar da wuƙa ya bi shi. Zomo ya zaga rumbu, tsoho ya zaga rumbu. Ɗangero ya ratsa ta tsakiyar kaji, suka watse suna kyarkyara, zakara ya haye danga. Zomon ya faɗa ƙwaryar audugar Hajjo ya fito da fari a kunne. Gudun ba irin nasa na kullum ba ne, yana yi yana tsayawa, amma da Mode ya miƙa hannu sai ya ƙara gaba.

Hajjo ta juyo tana cewa, "Kama shi kada shi hita!" Sai ta tsaya. Ta tuna tana yarinya ta ga Fulani da saniyar da ta ci ɗanyar dawa ta kumbura, ba su bar ta ta kwanta ba, korar ta suka yi ta yi har cikin ya sauka.

"A'a, kada ka kama! Kore shi! Sadiyatu, tare ƙohwa! Mode, bi shi, kada ka bari shi kwanta!"

"In kama ko in kora? Hwaɗi guda, tsohuwa!"

"Kora nac ce! Ina ƙahwahun da kaka zuwa cin tuwon mutane da su?"

Mode ya tattare riga ya ci gaba. Hula ta faɗi, takalmi ɗaya ya tsinke. Suka zaga rumbu, suka zaga rijiya, suka koma rumbu. Hajjo na tafa hannu ta wannan gefe, Sadiyatu ta baza zane a bakin zaure tana dariya har da hawaye. Daga ƙarshe tsohon ya zube a kan tabarma yana haki.

"An ce kowa yac ci zomo ya ci gudu," in ji shi da ƙyar. "Ni ga shi na ci gudun, da azumi, zomon ko ban gani ba."

Ɗangero ya tsaya a gindin rumbu, haƙarƙarinsa na bugawa. Ya ɗan ɗaga bindi, ya matsa gaba kaɗan, ya sake tsayawa. Hajjo ta lallaɓa ta durƙusa inda ya tashi. Ta tsinci wani abu a ƙasa, ta sake tsintar wani, ta tashi ta nufo su da tafin hannu a buɗe kamar mai nuna murjani. Ƙanana ne, busassu, ba su kai na kullum ba, amma su ne.

Sadiyatu ba ta san sadda ta rangaɗa guɗa ba.

Nan take kan wata maƙwabciya, Iyatu, ya bayyana ta saman danga.

"Lahiya? Tukur yad dawo?"

"A'a!"

"To mi anka samu?"

"Zomo yay yi kashi!" in ji Sadiyatu.

Iyatu ta dube su ɗaya bayan ɗaya, tsoho kwance ba hula, tsohuwa da kashin zomo a hannu tana murmushi, kaji a kan danga. Ta ce, "Allah shi ba ku lahiya," kanta ya sauka.

Hajjo ta wanke hannu, ta ɗebo busasshiyar harawa ta aje nesa kaɗan da shi, ta koma ta zauna ta kau da kai kamar ba ta damu ba. Zomon ya daɗe yana kallon harawar. Ya matso, ya sunsuna, ya ja da baya. Ya sake matsowa ya ja sili ɗaya, ya fara tauna shi tun daga gindi, silin na gajarcewa a hankali har ganyen ƙarshe ya shige. Ya ja na biyu.

Mode ya ɗaga kai daga tabarma, maƙogwaronsa ya bushe, ya dubi yamma.

"Hajjo, don Allah rana ba ta hwaɗi ba har yanzu?"

"Da saura. Yi shiru, shina ci."